Saita Dish a Kano: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da masu gida, da masu gidan kallo, da yaran da ke koyon sana'ar suke yawan yi a kan kafa dish da saita shi. Lambobin da ke ciki na birnin Kano ne da garuruwan da ke kusa, irin su Wudil da Bichi da Gwarzo. Wanda ke Legas ko Maiduguri kada ya ɗauke su yadda suke, domin nasa lissafin daban ne.

Ana cewa tauraron ɗan adam tafiya yake yi. Me ya sa ake ɗaure dish a wuri ɗaya?

Tafiya yake yi, da gudu ma kuwa. Sai dai taurarin talabijin suna nisan kilomita 35,786 a saman layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, kuma a wannan nisa zagaye ɗaya yana ɗaukar su kwana guda, daidai da juyawar duniya. Shi ya sa mu da ke ƙasa muke ganin kamar a tsaye suke cak. Dukkansu a jere suke a layi ɗaya. Kano tana digiri 12 arewa da ikwaita, don haka idan ka tsaya a tsakar gida, layin nan ya faro ne daga gabas, ya hau sama ta ɓangaren kudu har kusan digiri 76, sannan ya gangara yamma. Babu tauraron talabijin ko ɗaya a arewa. Duk wanda ka ga yana lalube ta can, ɓata lokacinsa yake yi.

Idan an ce tauraro yana 36 gabas, sai in sa kamfas a 36?

A'a, kuma nan ne sababbin shiga suka fi faɗawa. Lambar tana faɗin wurin da tauraron yake ne a saman ikwaita, ba ta faɗin inda kai za ka fuskanta. Ita kanta Kano tana kan digiri 8.5 gabas. Duk tauraron da lambarsa ta haura haka yana gabashinmu, wanda bai kai haka ba yana yammacinmu. Tauraron SES-5 da StarTimes ke amfani da shi ana kiransa 5 gabas, amma daga Kano dish ɗinsa kudu yake kallo, har ya ɗan karkata yamma.

To ina zan fuskantar da shi?

Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara daga alƙibla, tun da babu gidan da ba a san ta ba. Alƙiblar Kano tana wajen digiri 68 a kamfas, wato gabas da ɗan karkata arewa.

DStv a Najeriya yana kan taurarin Eutelsat da ke 36 gabas. Daga Kano wannan ya faɗa wajen 112 a kamfas, ɗagawarsa kuma digiri 55. Ka fuskanci alƙibla, ka juya dama kamar rabin kusurwar ɗaki, ka zo wurin. Arabsat, wanda wasu ke kira Badr, yana 26 gabas: kamfas 123, ɗagawa 65. Astra na 28.2 gabas yana dab da shi, 120 da 63. Eutelsat na 16 gabas ya fi su miƙewa sama, 148 da 73. SES-5 kuwa 196 ne da 75, kusan a saman kai. Namu na gida, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Disamba na 2011, yana 42.5 gabas, wato 107 da 48. Intelsat 20 na 68.5 gabas shi ne ya fi yin ƙasa, kamfas 97, ɗagawa 21 kacal.

Nilesat na 7 yamma shi ne ya juya wa sauran baya. Ka ba alƙibla baya, ka ɗan karkata hagu: kamfas 233, ɗagawa 67.

Waɗannan lambobi kusa da wurin kawai za su kai ka. Ƙarasawar sai da hannu da ido a kan allo.

Kamfas ɗin waya ya isa?

Ya isa ya nuna maka ɓangaren da za ka nema. A Kano bambancin arewar kamfas da arewa ta gaskiya bai kai digiri 2 ba, ba abin damuwa ba ne. Abin da ke ruɗa kamfas shi ne ƙarfe. Idan kana tsaye a kan rufin kwano, ko jikin dish ɗin, ko kusa da tankin ruwa da rodin dakin, allurar za ta yi ta yi maka ƙarya. Ka auna a ƙasa, nesa da ƙarafa, ka ƙyallaro wani abu da ke wannan saiti, hasumiyar masallaci ko falwaya ko doguwar bishiya, sannan ka hau ka saita da shi. Dabarar da ta fi duk wannan sauƙi kuwa ita ce ka dubi dish ɗin maƙwabcin da ke kallon abin da kake nema.

Dole ne a kai shi can saman rufi?

Ba dole ba ne, kuma ni dai ban cika son haka ba. Mutane suna ɗauka cewa tsayi yana ƙara sigina, kamar yadda yake a eriyar tashoshin gida. Abin da ya taso daga nisan kilomita dubu 36 bai damu da mita 4 ɗin da ka ƙara masa ba. Buƙatarsa ita ce hanya a buɗe tsakaninsa da kwanon dish ɗin.

A nan Kano muka ci sa'a, domin yawancin taurarinmu a sama sosai suke. Idan DStv kake nema kuma akwai katangar da ta ɗara dish ɗin da mita 3, ka matsa mita 2 da rabi daga jikinta, sigina za ta tsallake. Shi ya sa ko a lungunan Yakasai da Fagge da Gwammaja, inda gini ke manne da gini, ake samun wurin kafawa. Intelsat 20 ne mai wahala, tun da irin wannan katanga sai ka ba ta kusan mita 8.

Dish da ke ƙasa-ƙasa a jikin bangon bulo, inda ƙaramin tsani zai kai, iskar hadari ba ta cika dukansa ba, gyaransa kuma ba sai an nemo mai hawa ba. Sai dai a kula da yara masu ƙwallo, da awaki idan ana kiwo, da masu shanya da ke ɗaura igiya a jikin duk ƙarfen da suka gani.

Bishiya kuma a dube ta da idon baɗi. Darbejiyar da aka sassabe da rani za ta dawo da ganye da damina, kuma jiƙaƙƙen ganye yana tare sigina fiye da yadda ake zato.

Gidanmu na ƙasa ne a cikin birni. Za a iya bugawa a bango?

Kada a buga. Bangon ƙasa ba ya riƙe noti, ko da an yi masa shafen siminti. Zai zauna lafiya da rani, damina ɗaya ta sassauta shi, kuma ramin da aka huda ya zama hanyar ruwa. A kan soro ma kada a huda. A sa mai walda ya yi ƙafa mai faɗi a danne ta da bulo, ko a haƙa rami a tsakar gida a dasa bututun ƙarfe mai kauri da kankare, a bar shi ya kwana biyu ya kama kafin a ɗora kwano. Irin wannan bututu ba ya wuyar samu a Ƙofar Ruwa.

Me ya sa ake ta nanata maganar miƙewar sanda?

Saboda duk sauran aikin a kanta yake. Lambobin ɗagawa da aka zana a jikin mariƙin dish suna aiki ne kawai idan sandar a miƙe take sak. Idan ta karkata da digiri 3, to 55 ɗin da ka sa ba 55 ba ce. Abin da ya fi wannan muni shi ne, duk lokacin da ka juya kwanon hagu ko dama, ɗagawar ma tana canzawa ba da saninka ba. Sai mutum ya wuni yana shara sama yana wuce tauraron ta ƙasa ko ta sama, ya koma yana zargin LNB, wato ɗan kan da ke bakin hannun dish yana karɓar sigina.

Ka ari ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ciki, ka ɗora a jikin sandar ta gaba, sannan ta gefe. Gefe ɗaya bai isa ba. Idan babu, igiya da ɗan dutse a ƙarshenta za su nuna maka. Bangon gidajenmu da yawa ba a miƙe yake ba, saboda haka kada ka yarda da bango. Inda ya karkata, ka cusa zoben ƙarfen nan da ake sa wa noti a bayan mariƙin har ya daidaita. Minti goma ɗin da za ka ɓata a nan ya fi duk wani minti goma na aikin amfani.

An ce ɗagawa 55, amma dish ɗin maƙwabcina bai kai haka kallon sama ba.

Haka ne. Ƙananan dish da muke amfani da su, masu ɗan tsawo kamar ƙwai, waɗanda hannunsu ke fitowa ta ƙasa, ba inda fuskarsu ta dosa suke kallo ba. Suna ɗauko sigina ne daga sama da haka da digiri 22 zuwa 26, gwargwadon ƙirar. Dish ɗin DStv a Kano zai kwanta baya da kamar digiri 30 ne kawai. Na Intelsat 20 za ka gan shi a tsaye ƙyam, wani lokaci har kamar yana sunkuyawa. Na StarTimes kuwa sai ya kwanta sosai. Manyan dish masu zagaye, waɗanda LNB ke zaune a tsakiyarsu, su ne ke kallon tauraro ido da ido.

Yaya ake saitin kansa, daga farko zuwa ƙarshe?

Ka fara da risiba, wato akwatin da ke kai hoto talabijin, a kashe. Ka haɗa waya, sannan ka kunna. Ka shigar da mitar tasha guda (frequency, lambar da ake kama ta da ita) da ka tabbatar tana aiki a kan tauraron a wannan makon, tare da sauran lambobinta. Ban rubuta mitoci a nan ba da gangan, domin tashoshi suna yawan ƙaura, kuma tsohuwar lamba tana sa mutum neman abin da babu. Ka duba a risibar wanda nasa ke aiki.

Sai ka sa ɗagawa a lambarta, ka murɗa LNB zuwa inda ya kamata, ka ɗaure notukan daidai yadda kwanon zai juya da ɗan ƙarfi amma ba zai sulale da kansa ba. Ka tsaya a bayansa, kada jikinka ya tare gaba. Ka riƙe gefe da gefe ka matsa kaɗan, ka tsaya, ka ƙirga uku, ka sake matsawa.

Wannan tsayawar ita ce sirrin. Risiba ba ta nuna sigina nan take, sai ta ɗan yi jinkiri kafin ta kama. Dish mai santimita 90 kuma abin da yake gani a sama bai wuce faɗin digiri 2 ba. Digiri ɗaya a bakin kwanon bai kai santimita ɗaya ba, kamar faɗin ƙwayar wake. Mai gaggawa zai bi ta kan tauraron sau goma bai sani ba.

Kowa ya san yadda ake yi a gidajenmu: mutum yana sama, an bar yaro a falo gaban talabijin, ana magana ta taga. "Ya kawo?" "Bai kawo ba." "Yanzu fa?" "Yaya, ya kawo! A'a, ya ɗauke!" Kafin muryar yaron ta iso, hannu ya riga ya wuce wurin. Idan babu mitar auna sigina mai allo, gara a jawo wayar wuta a fito da risiba da ƙaramar talabijin tsakar gida, inda mai juyawa zai gani da idonsa.

Idan ka share daga hagu zuwa dama babu komai, ka ƙara ɗagawa da digiri ɗaya ka sake, sannan ka gwada ragewa. Da zarar kwaliti, wato layin ingancin sigina a allo, ya motsa, ka daina manyan motsi. Ka nemi ƙololuwarsa ta hagu da dama, ka ɗaure. Ka nemi ta sama da ƙasa, ka ɗaure. Sannan ka koma kan LNB.

Ɗaurin ma da nasa hankali. Idan ka ƙulle noti ɗaya tamau kafin ɗan'uwansa, sai ya ja kwanon gefe, kwalitin da ka sha wahala a kai ya zube. A riƙa ɗaurawa bi da bi, rabin juyi nan, rabin juyi can, ido yana kan allo.

Layi biyu nake gani a allo. Na sama ya cika, na ƙasa babu komai.

Na sama ƙarfin sigina ne, kuma abin da yake gaya maka kawai shi ne wuta tana isa LNB, waya ba ta tsinke ba. Ko bango ka fuskantar da dish ɗin zai iya nuna 70 ko 80. Na ƙasa, kwaliti, shi ne hoto. Shi za ka bi. Kuma kada ka gwada lambar risibarka da ta wani, domin 60 a wata risibar ta fi 80 a wata. Abin nema shi ne mafi yawan abin da taka za ta iya bayarwa.

Mene ne amfanin murɗa LNB? A bidiyon da na kalla wayar ƙasa take kallo.

Bidiyon a Turai aka ɗauke shi, ko wani wuri mai nisa da ikwaita, inda murɗawar ba ta da yawa. A Kano ba haka ba ne, kuma a ganina wannan ne ya fi komai hana masu saita na kansu samun hoto.

Tauraro yana aiko da sigina iri biyu a kan mita kusan ɗaya, wata a tsaye wata a kwance, su ne V da H da kake gani a risiba. A cikin LNB akwai 'yan ƙananan allurai biyu, kowace da irin wadda take kamawa. Amma tsaye da kwancen tauraron ba su ne namu ba, sai idan yana kudu da mu sak. Iya nisansa gabas ko yamma, iya karkacewar siginar, kuma mu da ke kusa da ikwaita karkacewar tamu babba ce.

Masu sana'ar da agogo suke kwatantawa. Ka tsaya a gaban dish kana kallon cikin kwanon, ka ɗauki inda waya ke fitowa daga LNB a matsayin hannun agogo. Idan tana kallon ƙasa, ƙarfe 6 ke nan. Taurarin gabas ana murɗawa zuwa 7 da 8, na yamma zuwa 5 da 4. DStv yana buƙatar kusan digiri 65, wato ƙarfe 8 da ɗan ɗoriya. Arabsat dab da ƙarfe 8. Na 16 gabas ƙarfe 7. Intelsat 20 takwas da rabi. StarTimes biyar da rabi. Nilesat kuwa ya kusa ƙarfe 4.

Wanda ya bar LNB a ƙarfe 6 yana neman 36 gabas ya kusa juya H ta koma V. Shi ya sa za ka ji wani yana cewa shi sai da ya canza H zuwa V a risiba sannan ya samu, amma rabin tashoshin suna kakkatsewa. Saitinsa na kwano daidai ne, murɗawa ce bai yi ba.

Bayan ka kama tauraron, ka sassauta mariƙin LNB ka murɗa a hankali har kwaliti ya kai iyakarsa, domin wasu LNB ɗin mafitar wayarsu ba ta yi daidai da alluran ciki ba. Ka kuma gwada tura shi gaba da baya a cikin mariƙin. Sau da yawa a nan ake tsintar maki biyar ko goma da za su riƙe hoto ranar da hadari ya haɗo.

Ƙaramar mitar neman sigina mai ƙara tana ta kuka, amma babu hoto.

Ta kama tauraro, amma ba naka ba. Irin wannan mita ba ta san sunan kowa ba, ko wanne ta ci karo da shi za ta yi ƙara. Tsakanin Arabsat na 26 da Astra na 28.2 tazarar kaɗan ce ƙwarai. Ka sa risiba ta binciko tashoshi gaba ɗaya ka ga waɗanda suka fito, daga nan za ka gane inda kake, ka san ko gabas za ka ƙara ko yamma. A Kano, ga taurarin da ke gabashinmu, matsawa gabas a kan layin yana nufin juyawa hagu tare da rage ɗagawa, idan kana bayan dish ɗin. Biyun tare suke tafiya.

Waɗanne lambobi ake sa wa LNB a cikin risiba?

LNB na ƙananan dish, na zangon Ku, ana sa masa 9750 da 10600. Risiba tana aika masa wuta bolt 13 idan tana son V, 18 idan tana son H, da wani sauti na 22kHz da ke sa shi komawa manyan mitoci. A bar wannan sautin a kan zaɓin da risiba ke yi da kanta, a kuma tabbatar wutar LNB a kunne take. Na manyan dish na zangon C lambarsa 5150 ce. Idan aka sa ta wani a wurin wani, ko shekara za a yi ana juyi babu abin da zai fito.

Waya tana da tasiri, ko duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. RG6 ake so. A kasuwar Sabon Gari za a nuna maka kala-kala, duk da suna ɗaya a jiki. Ka feɗe bakinta ka gani. Mai kyau ragarta ta ciki a cike take, da takardar alminiyam a naɗe. Ta banza kuwa 'yan silin gashi ne da za ka iya ƙirgawa. Ka kara maganaɗisu a tsinken tsakiya: idan ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe. Irin wannan tana aiki a gajeren zango, amma idan ruwa ya shige ta sai tsatsa. Araha ba ta ado.

Wajen ɗaura kan waya, ko sili ɗaya na ragar ya taɓa tsinken tsakiya, wuta ta haɗu, sigina ta ɗauke gaba ɗaya, wani lokaci har risiba ta lalace. A naɗe mahaɗar da ke jikin LNB da kyau yadda ruwa ba zai shiga ba. Kafin waya ta shiga ɗaki a ɗan lanƙwasa ta ƙasa, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige a waje. A guji jone-jone, kuma kada a tsawaita ta ba dalili.

Wane girman dish ya dace? Maƙwabcina yana kama Nilesat, ni na kasa.

Kowane tauraro akwai yankin da aka haska shi. DStv da StarTimes an nufo mu da su, shi ya sa santimita 60 zuwa 90 ke wadatarwa. Nilesat kamfanin Masar ne, Arabsat kuma hedikwatarsa a Riyad take, kuma yawancin tashoshinsu an saita su ne ga Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Mu a gefen hasken muke tsinta. Masu son tashoshin da ke nuna Harami kai tsaye daga Makka da Madina, musamman da azumi, su ne suka fi yin wannan tambaya. Amsar ita ce kwano babba, LNB mai kyau, da saiti na haƙuri, kuma duk da haka wasu mitocin za su zo wasu ba za su zo ba. Ka auna na maƙwabcin naka, kada ka sayi wanda bai kai shi ba.

Sai dai babban dish ya fi wuyar saitawa. Mai mita 1.8 abin da yake gani bai fi digiri ɗaya ba, kuma iska ta fi samun abin kamawa a jikinsa.

A duba lafiyar kwanon ma. Wanda aka ɗauro a saman A Daidaita Sahu aka ɗaure da roba tamau yana iya lanƙwashewa ba a lura ba. Ka ja zare biyu a bakinsa, ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya daga hagu zuwa dama. Idan sun taɓa juna a tsakiya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, lafiya lau. Idan akwai rata, kwanon ya murɗe, kuma babu saitin da zai gyara shi.

Zan iya kama taurari biyu da dish ɗaya?

Za ka iya idan suna kusa da juna, kamar 26 da 36 gabas, kuma kwanon yana da girma. Ana saita mai raunin a tsakiya, a ɗaura LNB na biyu a gefe don mai ƙarfin. Kwano yana juya abu ne, don haka tauraron da ya fi yin sama, LNB ɗinsa ƙasa yake komawa. A Kano layin taurarin a tsaye-tsaye yake, saboda haka LNB na biyu ba ya zama kafaɗa da kafaɗa da na farko yadda ake gani a hotunan waje, sai dai a karkace, sama ko ƙasa. Nilesat da Arabsat kuwa digiri 33 ne tsakaninsu, kowanne sai da kwanonsa. Ana haɗa wayoyin da ɗan akwatin DiSEqC, mai ɗaukar har LNB 4, a gaya wa risiba ƙofar da kowane tauraro yake.

Me ya sa hoto ke ɗaukewa da ruwa? Ƙurar hunturu ma tana hanawa?

Ɗigon ruwa yana shanye siginar zangon Ku. Hadarinmu daga gabas ya fi tasowa, inda dish ɗin DStv da Arabsat ke kallo, shi ya sa hoto kan ɗauke tun ruwa bai sauka a unguwarku ba. A mamakon watan Agusta babu dish ɗin gida da ba ya ɗaukewa na ɗan lokaci. Amma idan yayyafi kaɗan yana kashe maka kallo, saitinka ne bai cika ba, ko kwanon ya yi ƙanƙanta. Masu gidan kallo su fi kowa kula da wannan, tun da kakar ƙwallon Turai a watan Agusta take farawa.

Hazo da ƙurar hunturu ba sa yin wani tasiri sosai. Rana ce ke ɓarna a ɓoye: zafin Maris da Afrilu yana ƙona murfin robar da ke bakin LNB har ya tsage, ruwan farko ya shiga. A duba shi kafin damina.

Akwai kuma 'yan kwanaki a tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba da rana ke bi ta bayan taurarin daidai. Hoto yakan ɗauke na 'yan mintoci ya dawo da kansa. Ga masu 36 gabas abin yana faruwa tsakanin ƙarfe 10 da 10 da rabi na safe. Kada a taɓa dish. A waɗannan ranaku ma, duk inda rana ta haska a wannan lokaci, wurin zai kama tauraron, inda inuwa ta rufe kuma ba zai kama ba.

Akwai abin da ya kamata a yi kafin a hau sama?

A sanar da maƙwabta. Wanda ya hau katanga ko rufi a cikin unguwa yana ganin tsakar gidan mutane, kuma ba daidai ba ne matan gida su ɗaga kai su ga namiji a sama ba sanarwa. A aika yaro gida-gida ya ce za a hau gyaran dish, a ba su lokaci su kintsa. Mai aikin kuma ya tsare idonsa a kan abin da ya kai shi.

Sannan a dubi wayoyin lantarki kafin a ɗaga kowane ƙarfe, kada a ce ai babu wuta, tana iya dawowa ko yaushe. A kan rufin kwano a taka layin ƙusoshi, inda katako yake a ƙasa. Da safe ko bayan la'asar ake wannan aiki, kuma da an ji tsawa a sauko.

GOtv ma ana saita shi haka?

A'a. Shi ba daga tauraro yake zuwa ba, daga turakun ƙasa ne, eriya ake sa masa. A nan ne tsayi yake da amfani.

Na kama tauraron, sunayen tashoshi sun fito, amma wasu babu hoto.

Idan an rubuta cewa a kulle suke, na kuɗi ne, kuma babu juyin da zai buɗe su sai dikodar kamfanin da biyan kuɗin wata. Idan murya tana fita babu hoto, ko wasu mitocin sun ƙi kamuwa sam, risibar ce tsohuwa. Tashoshi da yawa sun koma tsarin DVB-S2 da MPEG-4, sai a nemi risiba mai HD.

Dish ɗina ya shekara yana aiki, yau ya ɗauke. In kwance in sake saitawa?

Kada ka fara da sifana. Ka duba layin ƙarfin sigina tukuna. Idan ya faɗi ƙasa warwas, matsalar waya ce ko LNB ko wutar risiba, kwanon bai yi laifi ba. Ka kwance kan wayar da ke jikin LNB ka gani ko ya yi tsatsa ko kore-kore. Idan tasha ɗaya ce ko biyu suka ɓace sauran suna nan, mita suka canza. Idan ƙarfi yana nan kwaliti ne ya ragu, musamman bayan iska, ka tsaya a bayan kwanon ka ɗan danna bakinsa da yatsa ta sama, ta ƙasa, ta hagu, ta dama, ba tare da ka sassauta komai ba. Ɓangaren da kwaliti ya ƙaru, can ya kamata ya koma. Kafin ka taɓa noti, ka ja layi da fenti ko ƙusa a jikin sandar da mariƙin, don ka san inda ka taso idan abin ya ƙi.